Tukunya Mai Jan Ƙyalle

Tun kafin Auta ta sunkuya, warin gas ya daki hancinta. Ta shafa ruwan sabulu a wuyan tukunyar gas ɗinta, sai ga kumfa tana tasowa ƙanana-ƙanana. Yoyo take yi. Abin haushin, jiya-jiyan nan aka cika mata ita, ta gwada da hannunta, lafiya lau.

Kuma yau ce ranar buɗe bikin unguwa. An rufe titi tun daga mahaɗa har bakin gada, an kafa rumfuna, an rataye fitilu, makaɗa sun fara gwada ganguna. Mai abincin da cinikin yau ya wuce ta, sai ta jira baɗi. Shagon gas kuwa a garƙame, mai shi ma ya tafi kallo.

Masu abincin layin nan ɗaki ɗaya suke ajiye tukwanen gas ɗinsu, duk launi ɗaya, girma ɗaya, kamar ƙwan kaza. Kowace da ƙyallen da take ɗaurawa a hannun tata don shaida. Na Auta ja ne, na yayarta shuɗi.

Auta ta leƙa waje ta ƙofar ɗakin. Yaya, wadda kullum ita ce ta ƙarshen zuwa, yau har ta share gaban rumfarta, tana zaune tana yanka albasa. Uwa ɗaya uba ɗaya suke. Yaya ce ta goya ta, ita ta koya mata sana'ar. To amma son zuciya, ɓacin zuciya. Auta ta ce a ranta ai yoyon kaɗan ne, kuma Yaya ta fi ta sanin kan wuta, in ta ji wari za ta san dabarar yi. Ta kwance ja, ta kwance shuɗi, ta musanya. Ƙullin ko gardama bai yi mata ba.

Da ta fito tana jan mai lafiyar, Yaya ta ɗago ta ce mata ta matsa da teburinta bakin layi inda iska ke kaɗawa, yau za a yi zafi. Mijin Yaya kuwa, kafinta, wanda ya rufe shagonsa don ya taya matarsa suyar kifi, ya tare ta da tsokanar da ya saba, wai bana ma miyar nan tsululu za ta ɗura wa bayin Allah? Ta yi dariyar yaƙe ta wuce. Tana kallo ya saɓo ɗaya tukunyar a kafaɗa, ya tura ta ƙarƙashin teburinsu, cikin rumfar da aka zagaye da tampol ta gefe uku.

Kasuwa ta cika maƙil. Auta tana zuba shinkafa, tana miƙa faranti, idonta na kan rumfar Yaya. Sau biyu ta ajiye ludayi za ta je ta faɗa, sau biyu layin masu saye ya mayar da ita. Warin kifi da albasa ya danne komai.

Da tsakar rana mijin Yaya ya durƙusa zai kunna murhu na biyu. Ya ƙyasta ashana.

Ƙarar har bakin gada an ji ta. Shi ko asibiti bai kai ba. Yaya kuwa wuta ta ci mata fuska da ƙirji da hannuwa, aka zura mata bututu a maƙogwaro don ta samu numfashi. Biki ya watse. Mutane suka yi ta tsine wa mai shagon gas, ƙyalle kuwa ya riga ya zama toka.

Kwana ashirin da uku Auta tana jinya. Ita ce juya ta, ita ce goge mata jiki, ita ce riƙe 'ya'yanta uku. 'Yan dubiya sai sa mata albarka suke, wai a wannan zamani ina ake samun ƙanwa irin wannan? Kowace albarka kamar an ɗiga mata ruwan zafi. Ta rame, ta daina girki, ko ashana ba ta iya riƙewa.

Abin da ya fi cin ranta, duk sanda ta shigo sai Yaya ta juya fuska bango, hawaye na jiƙa bandeji. Da kowa tana haɗa ido, ban da ita. Auta ta tabbata an gan ta. Ƙofar ɗakin ajiyar nan ai a buɗe take a ranar. Tsoro ya kama ta: ranar da bakin nan ya buɗe, ba ta da sauran 'yar'uwa a duniya.

Da safiyar kwana na ashirin da huɗu aka cire bututun. Ma'aikaciyar jinya ta fito ta ce mara lafiya na son kowa ya ba da wuri, ƙanwarta kaɗai take nema.

Auta ta shiga. Ta yanke shawarar gara ta faɗa da bakinta kafin a faɗa mata. Ta durƙusa a gefen gado.

"Yaya, akwai maganar da na daɗe..."

Hannu mai bandeji ya sauka a kanta, ya tsayar da ita. Muryar ta fito a shaƙe, da ƙyar.

"Bari ni in fara, Auta, ko na samu in mutu da sauƙi. Ki yafe mini. Tukunyar nan mai yoyo tawa ce tun asali. Sammakon da na yi ran nan, don in musanya ƙyallayenmu in mayar da ita taki na yi shi. Har yau ban san yadda Allah ya dawo mini da ita ba."