Kukan Barewa a Bakin Rafi

Sandan farko a baki ya samu Netram, mai gadin ƙofar gandun daji. Haƙoransa suka zube a ƙasa. Na biyu ya karya masa hannu. Kafin rana ta take, mutanen ƙauye sun ɗaure shi da igiyar shanu a jikin ƙarfen ƙofar, sun banka wa rumfarsa wuta.

A gefe, kan gadon igiya, gawar Jhamli ce lulluɓe da zane. Zanen ya yi mata yawa, don ba duka aka samo ta ba. Damisa ce ta kama ta da safen nan a kan tudu.

Bhadu, wan marigayiyar, ya damƙi gashin Netram ya ɗaga kansa.

"Kai ke riƙe da rediyo, shege. Ka san inda take kwana. Masu motoci kake gaya wa, mu kuwa awaki ne, ko?"

Netram ya tofar da jini. "Yaya, a rafi na ji kukan barewa. Kowa a rafi ya ji."

Bhadu ya sa masa gwiwa a ciki.

A dajin nan ba da ido ake neman damisa ba, da kunne ne. Barewa in ta hango ta sai ta yi wani gajeren kuka mai kaifi, birai su amsa daga kan itatuwa. Mata masu tsintar furen itacen mahuwa in sun ji, su bar wajen da gudu. Direbobin 'yan yawon buɗe ido in sun ji, su taka mota zuwa wajen.

Tsohuwa Sukhiya ce ke tare da Jhamli da safen. Tun ɗazu take maimaita magana ɗaya, ba mai sauraronta.

"A ƙasa muke, kusa da rafi, kwandunanmu sun kusa cika. Barewa ta yi kuka dab da mu. Yarinyar ta ce, 'Inna, mu yi sama!' Ta fi ni ƙafa. Da ni ce a gaba, da an huta da tsohuwa. Birai kuwa ko tari ba su yi ba."

Direbobi ma sun ji kukan. Duk motocin suka kwarara rafi, suka jeru suna jira, baƙi na miƙa wuya. Ba su ga komai ba sai sauro.

Mota ɗaya ce ta hau tudu, ta Dhansai.

Fasinjansa wani Sahib ne, wato babban mutum, daga Mumbai, mai kyamara doguwa kamar taɓarya. Tun da ya zo yake mita. Duk hoton da ya ɗauka akwai gindin wata mota a ciki, don damisar ba ta iya ko tsallaka hanya sai an kewaye ta. Wannan kewayewar ce ma ta kore ta daga ruwanta ta dawo kusa da gonaki. Shi Sahib ita kaɗai yake so, ya ce kuma ba zai manta da direban da ya yi masa hakan ba.

Da safen nan ya samu. Damisa ta fito daga ciyawa ita kaɗai, rana a bayanta, bakinta jawur har ƙirji. Sahib ya yi ta latsa kyamara. Da ya gama ya rungume Dhansai. Sauran direbobi suka ce wannan mutum da sa'a yake.

Sai da suka dawo ƙofa Dhansai ya san jinin waye. Jhamli matarsa ce.

Sahib ko jakarsa bai tsaya ɗauka ba, ya kama hanyar filin jirgi. Dhansai ya zauna a ƙasa kusa da gadon. Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Ko ruwa aka miƙa masa ba ya buɗe baki.

'Yan sanda ba za su iso ba, an tare hanya da gungumen itace. Wani ya kwaɗa wa Netram dutse a goshi, fatar ta tsage, jini ya rufe masa ido. Mata suna ihu a ƙone shi. Bhadu ya ɗaga hannu.

"Ba naku ba ne."

Ya ƙwace gatari daga hannun wani, ya je ya cusa wa Dhansai.

"Tashi, suruki. Matarka ce. Ko sai Sahib ya ba ka izini?"

Dhansai ya tashi. Taron ya dare, ya ba shi hanya. Ya taka har gaban Netram, gatarin na jan ƙasa.

"Dhansai," in ji Netram, muryarsa da ƙyar, "kullum a kofi ɗaya muke shan shayi. 'Ya'yana ƙanana ne."

"Sare shi!" wani ya faɗa daga baya. "In hannunka ya mutu, ba ni!"

Dhansai ya kalli Netram. Sai ya juya, ya ajiye gatarin a gaban Bhadu, ƙotar na fuskantar Bhadun. Ya koma ya tsaya tsakanin Netram da jama'a. Ya nemi idon Sukhiya har ya samu.

Ya haɗa tafukansa a baki kamar mai shan ruwa, ya cika ƙirji da iska, ya hura.

Tsohuwar ta nuna shi da yatsa, don kukan da ya fito daga hannun Dhansai shi ne na barewar da ta kora su sama. Shi ya yi kukan da safen, don sauran motoci su bar masa tudu.