Kujera Ta Biyu

Zuwan Bamalli na huɗu ke nan shagon kayan sauti da Saudatu ke tsarewa, wai amfilifaya yake nema ta kallon fim da buga gem. Kullum sai ya saurara ya tafi bai saya ba.

"Yau dai ka zaɓa," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ina kake zama a falon? Da mazaunin mai sauraro ake saita lasifikoki."

Ya daɗe yana kallon lallen hannunta.

"Kujeru biyu ne. Ɗayar ba kowa, shi ya hana ni zaɓa."

Ta rage sautin a hankali.

"Wannan ba a shago ake maganarsa ba. Gidanmu yana unguwar Magajiya, kuma Baba ba ya fita bayan la'asar."