Shekarun Ƙasusuwa

"Sakamakon ya fito," in ji masaniyar binciken ƙasusuwa, tana cire safar hannu.

Matar da ke jira a gabanta ta ƙanƙame jaririyarta. Tun da masu haƙa rijiya suka tono ƙasusuwan mutum a gidansu na bakin kogin Nilu mijinta ke tsare, ana zargin ya kashe ƙaninsa da ya ɓace.

"Dakta, don Allah kar ki ja min rai. Na ƙanin ne?"

"Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Duk mai rai yana tara wani sinadari a jikinsa, in ya mutu sai ya riƙa raguwa kamar ruwa a tulu mai yoyo. Abin da ya rage ya nuna mai ƙasusuwan nan ya haura shekara dubu uku da mutuwa. Sai dai in da Fir'auna mijinki ya yi wasan ƙasa!"

Da la'asar aka sako shi. Suna isowa gida suka tarar an gitta igiya a ƙofa.

"Kabarin mutanen da ne, ya zama na hukuma," in ji wani jami'i. "Ku kwashe kayanku kafin magariba."

Ta dubi mijinta, ta miƙa masa jaririyar.

"Riƙe ta. Bari in fara da tukwane."