Saniyar da Darakta Ya Kora

Tun safe kafinta ke buga ƙusa a kan dandamali, domin Darakta Leland Voskuil ya ce shingen cikin wasan bai yi kama da shinge ba. Katakon gaske yake so, wanda rana da ruwa suka ci. Kafinta bai tsaya gardama ba, ya zagaya bayan gini ya ɓamɓaro wasu daga shingen gonar maƙwabcinmu Tollefson.

Haka Voskuil yake. Tun da kwamiti ya ɗauko shi daga Chicago ya zo ya gyara mana ƙungiyar wasan kwaikwayo, komai sai na gaske. Miyar cikin tukunya ta gaske, harawar da aka zuba a dandamali ta gaske. Gidan wasan namu kuwa dama tsohon ɗakin shanu ne, shi ya sa ko warin wurin bai buƙaci gyara ba. Abu ɗaya ne ya hana bawan Allahn nan sakat, saniya.

Saniyar ƙungiyarmu mutum biyu ce: Orrin a gaba, Duane a baya. Shekara da shekaru suna shiga riga ɗaya, fara mai baƙin dabbare-dabbare, wadda matar Duane ta ɗinka tana leƙen garken Tollefson ta taga. Rigar ta tsufa, zif ɗinta sai an yi masa lallami. Duane ya sha wahalar duniya a ciki, don Orrin mutum ne mai son wake da kabeji. Amma duk jiharmu ta Wisconsin ba wanda ya kai su alfahari da sana'arsa. Yara a kanti ba sa kiran sunansu, sai dai su ce ga Kai da Wutsiya nan.

Voskuil ya tsane su tun ranar farko. Ya ce tafiyarsu ta masu ɗaukar kujera ce. Ya ce shi a gonar kakarsa ya tashi, ya san saniya kamar tafin hannunsa. A ƙarshe ya yanke hukunci: gwajin ƙarshe, gaban shugabar kwamiti Uwargida Brekke, in ba su gamsar da shi ba za a karɓe rigar a ɗauko 'yan rawa daga birni.

Ranar gwajin an yi zafi na fitar hankali, har aka buɗe ƙofar baya don iska ta shigo. Orrin da Duane suka shige ɗakin canza kaya tun da wuri. Wallahi sun ba ni tausayi.

Voskuil ya zauna a layin ƙarshe kamar kullum, Uwargida Brekke a gefensa. Tabaraunsa suna cikin aljihu, don yana ganin suna ƙara masa shekaru. Aka rage fitilu, aka saki hayaƙi, saboda a cikin wasan, wannan fitowar da asuba take faruwa. Marlys, tauraruwarmu, ta fito da bokiti ta fara waƙar kiran saniya.

Saniya ta shigo. Ta ɓangaren da bai kamata ba, wajen ƙofar baya.

Duane dai an sha yi masa faɗa kan jan ƙafa, yau kuwa ƙafafun baya har da wani rangaji. Maimakon ta nufi Marlys ta durƙusa kamar yadda aka tsara, sai ta wuce ta kai tsaye, ta je ta tura baki cikin harawa. Marlys ta ja da baya, ta yanke waƙar. Saniya ta ɗaga kai ta saki wani kuka mai kauri, ta koma kan abin da take yi.

"Tsaya!" Voskuil ya miƙe. "Ku tsaya haka nan!"

A gidan wasa akwai doka: idan darakta na ba da gyara, ko wuta ce ta kama gashinka ba ka magana. Duk da haka Marlys ta ɗaga hannu.

"Yallaɓai, ai wannan..."

"Shiru, Marlys! Ke kaɗai ce kika yi abin kirki, wannan tsoron naki ya fito sosai. Orrin! Wane irin kuka ne wannan, ham ɗin tirela? Wuyan nan kuma, wa ya ce maka haka ake lanƙwasa shi? Duane, kai kuma kana kaɗa wutsiya kamar mai share daɓe. Ba rai, ba tunani, ba ku ma san me saniya ke ji a zuciyarta ba!"

Saniya ta juya masa baya. Wannan raini ya ƙarasa tunzura shi, ya hau kan kujera, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Uwargida Brekke, ki zama shaida. Na kore su. Kuma na rantse, in akwai saniyar da ke irin wannan motsi a faɗin duniya, yau ɗin nan na ajiye aikina na koma Chicago a ƙafa. Ku tuɓe rigar nan yanzu!"

Ba wanda ya tuɓe komai. Uwargida Brekke, wadda ke sanye da nata tabarau, ta ce a hankali, "Na shaida."

Sai ƙofar ɗakin canza kaya ta buɗe da ƙarfi. Wata saniya fara mai baƙin dabbare-dabbare ta hau dandamali a guje, tana tuntuɓe da ƙafafunta, kunne ɗaya a karkace. Daga cikin cikinta muryar Duane ta fito yana haki:

"A yi haƙuri yallaɓai, zif ne ya maƙale. An zo kan fitowarmu?"