Malamin da Ba Ya Riƙe Jan Biro

"Wa ya ce ki rushe babi na uku haka?" in ji baƙon farfesan da ya zo tantance kundin digirinta.

Ta dubi malamin da ya duba mata aikin. Shi ya zaunar da ita a falonsa na Unguwar Dosa, yana faɗa tana rubutawa, har ta zubar da kalaman masu tallar da ta sha rana tana tattarowa a Rafin Guza. Ƙawayenta na kuka da jan biron malamansu, ita kuwa tana yi musu yanga: nata malamin da baki yake gyara, bai taɓa ɓata mata takarda ba.

Malamin ya gyara zaman hularsa. "Wallahi Farfesa, na yi na yi da ita ta bar babin yadda yake. Yaran yanzu ba sa ji."

"Malam, ai kai ne..."

"Kina da hujja?" baƙon ya katse ta.

Ta zaro tsofaffin kwafin daga jaka, ta shiga buɗe shafukan da take alfahari da su. Tas suke, babu ko ɗigon ja.