Kyanwar Tangaran a Bakin Taga

Kai da kake ta cewa ƙaninka ne ƙarami, shi ya kamata ya fara tako ƙofarka, gyara zama ka ji labarin wani kafinta na ƙasar Japan. Addininsu daban, abincinsu daban, amma taurin kai, wallahi, irin namu ne sak.

Kafintan nan dattijo ne, shi da ƙaninsa kaɗai uwarsu ta haifa. Ranar jana'izarta, zuciya na zafi, sai ya gaya wa ƙanin a gaban jama'a cewa bai yi jinyarta yadda ya kamata ba. Ƙanin ya sa takalminsa ya fita. Shi ke nan fa, zumunci ya tsinke. Gari ɗaya suke, jirgin ƙasa ɗaya ke bi ta unguwanninsu, amma shekaru suka yi ta shuɗewa babu mai leƙa wani. Kafinta ya san bakinsa ya yi ɓarna, kewar ɗan'uwansa kuma tana cin sa, ko katako yake gogewa sai ya tsinci kansa ya tsaya yana tunani. Sai dai girman kai ya ce masa, ina aka taɓa ganin babba ya bi ƙarami da ban haƙuri?

To, a birnin akwai wani gidan bauta na mabiya addinin Buda, inda uwarsu kan kai su suna yara. An san wurin da kyanwoyin tangaran, farare fat, da jan abin wuya da 'yar ƙararrawa, kowace ta ɗaga hannun dama kamar tana yafito mai wucewa. Al'adarsu ita ce mai buƙata ya sayi guda ya kai gida, ranar da buƙata ta biya sai ya dawo da ita ya ajiye don godiya. Kafinta ya shiga, ƙamshin turare ya tarbe shi, ya tarar da su jere bisa katakai, wasu kamar ɗan yatsa, wasu sun kai tulu, ido ba ya iya ƙirga su. Ya tsaya baki buɗe. Ya ce a ransa, ashe duk waɗannan mutane an kira musu abin da suke so, kuma ya zo. Ai ga hanya mai sauƙi: kyanwa ta yi kiran, shi kuwa girmansa na nan bai zube ba. Ya zaɓi wadda ta fi kwanta masa, ya kai gida, ya sassaƙa mata ɗan mazauni mai kyau, don dai sana'arsa ce, ya ɗora ta a bakin taga tana fuskantar unguwar ƙanin. Kullum da safe ya goge mata ƙura. Duk takun da ya ji a ƙofa sai ya leƙa, ya ga mai kawo madara ne ko maƙwabci. Kyanwa dai hannu na sama, rani da damina, ba ta gaji ba. Shi ma gogan bai motsa ba. Duk shekara yakan koma gidan bautar ya zagaya, ya ga an ƙara sababbin kyanwoyi, ya dawo da haushi wai tasa ce malalaciya.

A irin wannan ziyara ne, wata shekara da ganyen itatuwa ya yi ja yana zuba, ya hangi wata tsohuwa cikin baƙaƙen kaya irin na masu makoki. Tana riƙe da wani abu a ƙunshe cikin ƙyalle, tana tambayar mai kula da wurin ina ake ajiye kyanwar da buƙatar mai ita ba ta biya ba. Da ta juyo sai ya ga matar ƙaninsa ce. Ita ma ta gane shi. Ta sunkuya ta gaishe shi, ta kwance ƙyallen, sai ga kyanwa irin tasa, har fentin kunnenta ya koɗe saboda yawan guga. Ta ce, "Yaya, a bakin taga take tun shekarar da kuka ɓata, tana fuskantar unguwarku. Da ciwo ya kwantar da shi na ce bari in zo in gaya maka, ya ce a'a, ba ya so tausayi ya kawo ka, za ka zo da kanka. Da ya ga ba zai tashi ba kuma, sai ya ce kada a wahalar da kai zuwa jana'iza."

Kafinta ya zauna a kan dakali ya yi kuka irin na yara, kukan da ba ya gyara komai. A ranar tsohuwar ta raka shi kabarin ɗan'uwansa. Suka hau jirgin nan da yake jin ƙararsa kullum daga shagonsa, kafin ya gama share hawaye har sun iso.

Ka ga, ba ƙiyayya ce ta raba su ba. Kowanne yana son ɗan'uwansa, kowanne ya ɗaga hannu yana kira, aka rasa wanda zai ɗaga ƙafa. Saboda haka tashi ka nemi takalminka tun ƙaninka yana da kunnen jin sallamarka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce zumunta a ƙafa take.