Kowane Gida Akwai Kaka

Malama ta hau matakalar ofishin ƙaramar hukuma da goyo a baya da jakar kayan jaririya a kafaɗa, gwiwoyinta suna ƙara. Mai gadi ya miƙe ya rusuna, bai ko tambaye ta wurin wa ta zo ba. Rabin ma'aikatan ginin nan ta hannunta suka bi kafin ta yi ritaya, kuma har yau wasunsu ba su iya gaisuwa ba.

Ɗaki ɗaya ne ya kawo ta. Yana bayan makarantar firamaren da ta ƙarar da ƙarfinta a ciki. An yi alkawarin zai zama gidan rainon yara mai rahusa, don malamai da masu shara da matan kasuwa. An yanka ƙyalle, an ɗauki hoto, an shafa fenti a bangon da ke kallon titi kawai, sai aka datse ƙofar da kwaɗo. Yau kuma majalisa za ta zauna ta mai da shi ma'ajiyar kujerun taro. Ai kujeru ma bayin Allah ne, suna buƙatar makwanci.

Jiya da ta leƙa makarantar, ta tarar da malamar aji biyu tana rubutu a allo da goyo a baya, wani ɗan nata kuma yana ƙarƙashin tebur yana tauna alli. An riga an ba ta zaɓi: ko ta samu inda za ta ajiye 'ya'yanta, ko ta ajiye aikin.

Malama ta tura ƙofar zauren majalisa. Shugaban ƙaramar hukuma na tsaye cikin babbar riga fara ƙal, yana zuba jawabi.

"Mu ba mu buƙatar irin wannan gini," in ji shi. "Ni kaina ban taɓa neman gidan raino ba, kuma ba abin da ya same ni. Kowane gida akwai kaka!"

Kansiloli suka dinga tafi kamar an ce an ƙara musu alawus.

Sai ya hango ta. Ya shiga gyara hular da ba ta karkace ba. Jaririyar ta leƙo ta kafaɗar Malama, ta washe baki, tana miƙa masa hannu. Yaro dai bai san ɗan siyasa ba.

"Ranka ya daɗe," Malama ta ce, tana jan kalmar kamar mai kiran sunan wanda ya makara. "Jawabi ya yi kyau. To wadda ba ta da kaka fa, ta je kasuwa ta sayo? Ita kuma kakar, an taɓa tambayar ta yadda bayanta ya kwana?"

Ta kwance majanyi a hankali, ta sauke jaririyar, ta zaunar da ita a tsakiyar teburin majalisa, ta dire jakar a gefe.

"Madara na cikin jaka. Ba ta barci sai ana yawo da ita. In kun ji wari, ba daga kasafin kuɗinku ba ne, ku duba ta."

Sakatare ya yi gyaran murya. "Malama, nan fa ba gidan raino ba ne."

"Na sani, ɗan nan. Na bayan makarantar ma ba gidan raino ba ne. Ranar da kuka cire kwaɗon nan, ku aiko a gaya mini. Kafin nan, nawa gidan rainon ya rufe."

Ta juya, bayanta sakayau karon farko cikin watanni. Tana kai matakala ta ji gudu. Shugaba ne, hula a hannu, jaririya a ƙirji, gaban farar rigar ya jiƙe sharkaf.

"Haba Umma, don Allah! Yanzu 'yar tawa wa zai riƙe mini ita?"